Golf: Inda Yawan Atisaye Ke Komawa Cuta

Ranar Asabar da dare, saura kwana biyar a fara gasar British Open ta 2008, Padraig Harrington ya koma gidansa a Ireland da kofi a hannu, domin a ranar ya lashe wata gasar cikin gida. Da wani ne, wanka zai yi ya nemi makwanci. Shi kuwa sai ya ɗauki sanda ya dinga maka ta a jikin wata jaka mai nauyi da 'yan golf ke duka don ƙarfafa hannu. A nan wuyan hannunsa na dama ya amsa.

Shi ne mai riƙe da kambun British Open, wanda ya ci a Carnoustie a 2007, amma ya isa filin Royal Birkdale na Ingila ba shi da tabbacin zai iya bugawa. Ranar Talata ramuka tara kawai ya zagaya. Ranar Laraba ya gwada 'yan bugu kaɗan, ya ji zafi, ya mayar da manyan sanduna cikin jaka, ya bi filin da ƙafa yana duba ƙasa, yana gangara ƙwallo a bakin ramuka. Mutumin da abokan wasansa suka sani da daɗewa a filin atisaye, ga shi ciwo ya tilasta masa zama. An sha iska mai ƙarfi a wannan mako, irin wadda ke tsotse ƙarfin ɗan wasa da hankalinsa. Ranar Lahadi, lokacin da sauran suka fara sanyi, Harrington ya gama zagayen ƙarshe da bugu 69, ya ba Ian Poulter da ya zo na biyu tazarar bugu huɗu. Daga baya shi da bakinsa ya ce ciwon ya taimake shi, domin ya ɗauke masa hankali daga nauyin kare kambu, ya kuma bar masa sauran ƙarfi a ranakun da aka fi bukatarsa. Mako uku bayan nan ya sake cin wata babbar gasa, PGA Championship, a Amurka.

Labari ɗaya ba ya zama hujja. Amma tambayar da ya taso da ita tana nan a bakin duk wanda ya ɗauki golf da muhimmanci: shin mutum zai iya yin atisaye har ya lalata wasansa? Amsata ita ce e, zai iya, kuma hakan ya fi faruwa a golf fiye da yadda masu bugawa ke son yarda.

Wasan da ba ya cewa ya isa

Dalilin yana cikin yanayin wasan. Ɗan ƙwallon ƙafa in ya gaji, numfashinsa zai tsayar da shi ko yana so ko ba ya so. Ɗan dambe kuwa, abokin karawa ne zai sanar da shi. Ɗan golf ba shi da mai tsawata masa. Yana tsaye wuri ɗaya a kan ciyawa, ba gudu, ba haki, bugu ɗaya bai fi daƙiƙa ɗaya da ɗoriya ba. Sai ya ga kamar bai yi komai ba, ya sake sayen kwandon ƙwallaye.

Amma a cikin wannan daƙiƙar jiki na yin aiki mai tsanani. Ƙafafu a kafe suke a ƙasa, ƙugu ya juya, kafaɗu su juya fiye da ƙugu, sannan komai ya warware lokaci guda. A hannun ƙwararrun da ke buga gasannin PGA Tour na Amurka, kan babbar sanda na isa ga ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 180 a awa. Binciken da likitocin ƙashi Hosea da Gatt suka yi ya ƙiyasta cewa matsin da ke sauka a ƙasan gadon baya a wannan lokaci ya kai kusan ninki takwas na nauyin mutum. Kuma kullum gefe ɗaya ake juyawa. Mai bugu da dama zai yi shekara talatin yana murɗa bayansa ta hanya guda, gwiwarsa ta hagu tana karɓar nauyi, wuyan hannunsa na hagu yana shan girgizar sanda duk lokacin da ta daki ƙasa.

A 2003 wasu likitoci a Jamus, ƙarƙashin Georg Gosheger, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan 'yan golf 703, ƙwararru da masu yi don nishaɗi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na raunukan da suka samu ba daga haɗari ɗaya suka fito ba, daga maimaici ne. Baya, kafaɗa, gwiwar hannu da wuyan hannu su ne suka fi shan wahala. Waɗanda ke zagaya fili sau huɗu ko fiye a mako, ko suke buga ƙwallo 200 zuwa sama a mako, sun fi sauran samun rauni. Ƙwallo 200 kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne a wurin mai son wasan: akwai masu gama su kafin azahar.

Irin wannan rauni ba ya zuwa da ƙara. Ƙashi da jijiya suna samun 'yan ƙananan tsagu a duk atisaye mai nauyi, kuma a lokacin hutu jiki ke ɗinke su, har wurin ya fi da ƙarfi. In aka hana shi lokacin ɗinkin, tsaga ta hau kan tsaga. Kamar waya ce da ake lanƙwasawa gaba da baya: ba lanƙwasar ƙarshe ce ta karya ta ba.

Rory McIlroy na Ireland ta Arewa ya ɗanɗana wannan. A watan Agustan 2016 kamfanin Nike ya sanar da daina ƙera sandunan golf da ƙwallaye, don haka McIlroy ya shiga neman sababbin kayan aiki. Lokacin hutun ƙarshen shekara, wanda ya kamata jikinsa ya sarara, ya ƙare a gwajin sanduna, ƙwallo bayan ƙwallo. A Janairun 2017 ya buga gasa a Afirka ta Kudu yana jin ciwo a bayansa, ya zo na biyu. Da aka yi hoto sai aka ga tsaga a haƙarƙari. Ya yi kusan mako bakwai a gefe, ciwon ya riƙa dawo masa, shekarar ta ƙare bai ci gasa ko ɗaya ba. Yana da shekara 27 a lokacin da abin ya same shi, da masu horarwa da likitoci kewaye da shi.

Babu wanda ya kai Tiger Woods nuna fuskokin al'amarin biyu. Shi ne ya sauya tunanin duniya game da abin da ake nufi da ɗan golf mai ƙwazo. Ya taɓa bayyana yadda ranarsa take a zamanin ganiyarsa: gudun mil huɗu da asuba, ɗaga ƙarfe, awa biyu zuwa uku yana buga ƙwallo, zagaya fili, atisayen gajerun bugu, wani gudun mil huɗu, sannan in da abokan wasa a yi ƙwallon kwando ko tanis. Wannan rayuwa ta ba shi gasar Masters ta 1997 da tazarar bugu 12 yana ɗan shekara 21, ta kuma kai shi ga manyan kofuna 15 da nasarori 82 a PGA Tour. Ba mai hankalin da zai ce aikin banza ya yi.

Sai dai a duba abin da ya biya. A 2007 jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke yana gudu kusa da gidansa, ya ci gaba da wasa a haka. A Afrilun 2008 aka yi wa gwiwar tiyata, kuma garin gaggawar dawowa ƙashin ƙwaurinsa ya tsage wuri biyu. Da wannan ƙafar ya buga US Open a Torrey Pines, ramuka 91 cikin kwana biyar, yana ɗingishi, yana yamutsa fuska bayan bugu, har ya doke Rocco Mediate. Duniya ta yaba, kuma abin yabo ne. Amma wata takwas ya yi bai sake shiga gasa ba, kuma shekara goma sha ɗaya ya jira kafin ya sake ɗaga babban kofi, a Masters ta 2019. A tsakanin nan an yi wa bayansa tiyata sau huɗu daga 2014 zuwa 2017, ta ƙarshe ma haɗe ƙasusuwan bayan aka yi. Da aka tambaye shi a 2020 wace shawara zai ba kansa in da zai koma yaro, ya ce kada ya yi gudu da yawa, domin gudun fiye da mil 30 a mako da ya yi a shekarunsa na farko ya lalata masa jiki da gwiwoyi. Duk matashin da ke kwaikwayon jadawalin Woods ya kamata ya ji wannan jawabin ma.

Awa dubu goma

A 2008 marubuci Malcolm Gladwell ya fitar da littafinsa Outliers, wanda ya yaɗa maganar cewa awa 10,000 na atisaye su ne mabuɗin gwaninta. Wani mai ɗaukar hoto a birnin Portland na Amurka, Dan McLaughlin, ya ɗauki maganar da gaske. A 2010, yana da shekara 30, bai taɓa zagaya cikakken filin golf ba, ya ajiye aikinsa ya ce zai zuba awa dubu goma a wasan ya ga ko zai kai sahun ƙwararru. Ya fara da gangara ƙwallo daga tazarar taku ɗaya, yana ja da baya sannu a hankali. Ya yi nisa ƙwarai, har ya kai matakin da a ranar da wasa ya yi masa kyau bai fi bugu biyu ko uku yake ɗorawa a kan ƙa'idar fili ba, abin da mafi yawan 'yan golf ba sa kaiwa har su mutu. A 2015, yana da awa 6,000 da 'yan kai, bayansa ya ƙi. Shirin ya tsaya a nan.

Abin takaici shi ne binciken da aka ciro maganar daga cikinsa bai ce a yi ta yi ba ji ba gani ba. Anders Ericsson da abokan aikinsa sun yi nazarin ɗaliban goge na Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin, suka wallafa a 1993. Ɗaliban da suka fi kowa ƙwarewa kimanin awa uku da rabi suke yi a rana, a rarrabe, kowane zama bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma sun fi takwarorinsu barci, har da na rana. Abin da Ericsson ya jaddada shi ne atisaye mai manufa, wanda hankali ke kansa gaba ɗaya, kuma irin wannan ba ya yiwuwa daga safe har dare. Mutane suka riƙe adadin awannin, suka watsar da sharaɗin.

Masana yadda jiki ke koyon aiki sun daɗe da sanin haka. A shekarun 1970 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta so koya wa ma'aikatanta buga keken rubutu saboda sababbin na'urorin tantance wasiƙu. Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman suka raba su rukuni-rukuni. Masu yin awa ɗaya a rana sun koya cikin awanni mafi ƙaranci, suka kuma fi riƙe abin. Masu yin awa huɗu a rana su ne suka fi ɓata awanni. Wani abin lura, masu awa huɗun sun fi kowa gamsuwa da tsarinsu, domin suna jin kamar suna ci gaba da sauri. An gwada makamancin wannan a golf kansa a 2004: wasu masu koyo suka gangara ƙwallo 240 a rana ɗaya, wasu suka raba ta 60 a kowace rana har kwana huɗu. Masu rabawar suka fi. Matthew Walker da abokansa kuma sun nuna a 2002 cewa mutanen da suka koyi wani aikin yatsu sun ƙara sauri da kusan kashi 20 cikin 100 bayan barcin dare ɗaya, ba tare da ƙarin atisaye ba. Wato wani ɓangare na koyon yana faruwa ne bayan an ajiye sanda.

Je ka kowane filin atisaye da yamma ka tsaya bayan layin masu bugu. Za ka ga mutum da kwando a gefensa da sanda ɗaya a hannu. Ya buga, tun ƙwallon ba ta sauka ba ya jawo wata da kan sandar, ya buga, ya jawo wata. Ashirin na farko suna tafiya yadda yake so. Wajen ta sittin tafin hannunsa ya fara zafi, ƙafafunsa sun daina tura ƙasa, sai hannaye suka karɓi aikin da ƙugu ya kamata ya yi. Ƙwallo ta fara karkata dama. Maimakon ya tsaya, sai ya murɗa riƙonsa kaɗan don ya gyara. Ta koma hagu. Ya matsar da ƙafa. Ba zai tafi gida a kan mummunan bugu ba, don haka ya ƙara kwando. Abin da yake koya wa jikinsa a wannan rabin awar ta ƙarshe shi ne bugun gajiyayyen mutum da 'yan dabarun rufe shi, kuma jiki ba ya tantance wanda aka yi da niyya da wanda aka yi a gajiye. Duk abin da aka maimaita shi yake ajiyewa.

Ko ba gajiya ma, wannan salon yana da wata illa. A fili ba a buga bugu iri ɗaya sau biyu a jere. Kana bugawa da babbar sanda, ka yi tafiyar minti biyar, ka tarar da ƙwallo a gangare, iska ta juya, ka zaro wata sandar, kuma dama ɗaya gare ka. Tun 1979 binciken Shea da Morgan ya nuna cewa masu maimaita abu ɗaya a jere sun fi burgewa a lokacin atisaye, amma masu cakuɗa ayyuka sun fi tunawa da iya amfani da abin daga baya. Shi ya sa ake yawan jin ɗan golf yana kukan cewa a filin atisaye ba ya kuskure, amma da ya hau ramin farko komai ya watse.

Gyaran da ba ya ƙarewa

Illar da ta fi ba ni tausayi ba ta jiki ba ce. Wanda ya daɗe a filin atisaye, in ba shi da takamaiman abin da ya je yi, zai fara neman aibu a bugunsa, kuma duk mai nema zai samu.

Ian Baker-Finch na Ostireliya ya ci British Open a 1991, a wannan filin na Royal Birkdale. Ba shi da dogon bugu, amma ƙwallonsa na bin hanya, kuma a bakin rami gwani ne. Sai ya ga cewa in yana son zama cikin manya dole ya ƙara nisa. Ya shiga sauya salon bugu, yana jin shawarar wannan da ta wancan, yana buga ƙwallaye ba adadi. Nisan bai samu yadda yake so ba, saitin kuma ya gudu. A 1995, a St Andrews, yana tare da fitaccen ɗan golf Arnold Palmer a gaban dubban 'yan kallo, bugunsa na farko ya tsallake ɗaya daga cikin hanyoyi mafi faɗi a duniyar golf ya fita daga fili. A 1995 da 1996 ya shiga gasa 29 a PGA Tour, bai kai kwana biyun ƙarshe a ko ɗaya ba. A British Open ta 1997 a Royal Troon ya buga 92 a ranar farko, ya janye. Waɗanda suka yi wasan sada zumunci da shi a lokacin sun shaida cewa in ba gasa ba ce yana bugawa lafiya lau. Hannun bai manta ba, amincewa da hannun ce ta tafi. Ya koma sharhin wasa a talabijin.

Harrington ma bai tsira ba. Bayan manyan kofuna uku cikin wata goma sha uku, ya koma gyaran salon bugunsa, kuma bai sake cin gasa a PGA Tour ba sai Maris 2015. McIlroy kuma, bayan ya ga yadda Bryson DeChambeau ya ƙara jiki da ƙarfin bugu ya ci US Open ta 2020, ya shiga atisayen ƙara gudun sanda. A Maris 2021, da aka tankaɗe shi daga gasar Players, ya fito fili ya ce wannan farautar ce ta ɓata masa bugu.

Akwai kuma wata larura da 'yan golf ke tsoron ko ambatonta, wadda suke kira yips: hannu ya riƙa fizga ko ya sandare a daidai lokacin ɗan gajeren bugun da yaro ma zai iya. Bernhard Langer na Jamus, wanda ya ci Masters a 1985 da 1993, ya yi fama da ita fiye da sau ɗaya, yana sauya riƙo da sanda don ya tsira. Likitocin jijiya na ganin cewa a wurin wasu fargaba ce, a wurin wasu kuma tana da dangantaka da irin ƙagewar hannu da ke kama makaɗa da masu yawan rubutu bayan shekaru suna maimaita motsi ɗaya. Ta fi kama waɗanda suka daɗe a wasan.

To, Hogan da Singh fa?

Duk mai ja da wannan magana sunaye biyu zai kawo, kuma yana da gaskiyarsa. Ben Hogan ya yi atisaye har hannayensa suna fashewa, ya mayar da kansa daga ɗan wasan da ya kusa barin sana'ar saboda talauci zuwa mai manyan kofuna tara. Vijay Singh na Fiji, wanda ya ci Nigerian Open a 1988 da 1989 tun duniya ba ta san shi ba, shi ne na ƙarshen barin filin atisaye kusan ko'ina ya je. A 2004, yana da shekara 41, ya ci gasa tara ya ƙwace matsayi na ɗaya a duniya daga hannun Woods. Cikin nasarorinsa 34 a PGA Tour, 22 bayan ya cika arba'in ya same su. Ba a isa wannan matsayi da lalaci.

Amma a ƙarasa labarin Hogan. A Fabrairun 1949 wata babbar motar fasinja ta yi karo da motarsa a Texas, ya karye a ƙugu da ƙashin wuya da idon sawu. Bayan ya tashi, ƙafafunsa ba sa ɗaukar doguwar kaka, dole ya rage gasa ƙwarai, ya riƙa zaɓen inda zai je, ya isa da wuri ya karanci fili. Shida daga cikin manyan kofunansa tara bayan haɗarin ya ci su. A 1953 gasa shida ya shiga, ya ci biyar, uku daga ciki manya. Bai daina atisaye ba, amma ya daina watsa ƙarfinsa ko'ina. Game da Singh kuwa, jiki irin nasa ba kowa Allah ya ba ba. Muna jin labarinsa ne domin bayansa ya ɗauka. Waɗanda suka bi hanyarsa bayansu ya gaza ba su kai inda za a rubuta sunansu ba.

A ɗaya gefen akwai Bruce Lietzke, Ba'amurken da ya ci gasa 13 a PGA Tour alhali an san shi da ƙin atisaye. Bugu iri ɗaya gare shi, mai lanƙwasa daga hagu zuwa dama, ya yarda da shi, ya ƙi taɓa shi. A ƙarshen wata kaka a shekarun 1980 ya gaya wa mai ɗaukar masa jaka cewa ba zai taɓa sanda ba sai sabuwar kaka. Mutumin bai yarda ba, ya cusa ayaba cikin rigar babbar sandar. Da suka haɗu bayan hutun, ayabar na nan ta ruɓe. Lietzke ma ba abin koyi ba ne ga kowa, domin ya riga ya gina bugunsa tun yana yaro. Wanda ya fi dacewa a duba shi ne Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, adadin da har yau ba a kamo ba. Ya taƙaita gasanninsa, ya tsara shekararsa a kan manyan gasa huɗu, yana ajiye sanduna a ƙarshen kaka, sannan a farkon sabuwa ya koma wurin malaminsa na yarinta, Jack Grout, su faro daga riƙon sanda da tsayuwa. Ya ci Masters ta ƙarshe a 1986 yana da shekara 46.

Yawan gasa ma nasa ciwon daban ne. Mako ɗaya na ƙwararre ya ƙunshi tafiya, zagayen gwaji, wasa da masu ɗaukar nauyin gasa, sannan ramuka 72 cikin kwana huɗu, kowace rana awa huɗu zuwa biyar a tsaye da tafiyar kilomita takwas ko fiye. Ƙafa na iya jurewa, hankali ne ke fara zubewa: a zaɓi sandar da ba ita ba, a yi ganganci inda ya kamata a yi haƙuri. A 2023 McIlroy ya ƙi zuwa wata gasa mako ɗaya bayan an fitar da shi daga Masters, ya yi asarar dala miliyan uku, ya ce yana bukatar hutun ne don lafiyar tunaninsa. Lexi Thompson, wadda ta samu shiga US Open ta mata tana da shekara 12 a 2007, ta sanar a 2024 cewa za ta daina buga cikakkiyar kaka tana da shekara 29, ta yi maganar kaɗaici da nauyin da ta ɗauka tun ƙuruciya. Michelle Wie, da ta zama ƙwararriya tana gab da cika 16, ciwon wuyan hannu ya bi ta har ta ja da baya tana da shekara talatin da 'yan kai. Yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, in aka ɗora masa jadawalin babba, bashi ake ci da jikinsa.

Masu bugawa a filayen Kano, Kaduna, Jos da Abuja suna da ƙarin dalilin kula. Da rani ƙasa na bushewa ta yi tauri, kuma duk bugun da sanda ta daki irin wannan ƙasa, wuyan hannu da gwiwar hannu ne ke karɓa. Zafin Maris da Afrilu na saurin kawo gajiyar da ke ɓata bugu tun mutum bai ankara ba. Da yawa daga cikin masu wasan kuma ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ke wuni a kujera Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar su fito daga mota su zari babbar sanda ba ko miƙa, suna son rama mako guda a wuni ɗaya. Binciken nan na Jamus ya gano cewa ɗumama jiki na aƙalla minti goma na rage rauni, ɗaukar jaka a kafaɗa kuma na ƙara shi. Wannan na biyun ya shafi samarin da ke ɗaukar wa manya jaka da safe, su kuma yi nasu atisayen da yamma da burin zama ƙwararru, kuma ta wannan hanyar da yawa daga ƙwararrun Nijeriya suka fito. Su ne suka fi kowa ƙwazo, su ne kuma ba su da likitan da zai duba bayansu.

Gare su, da iyayen da ke kai yara fili, da masu horarwa, kirana shi ne a daina auna ƙwazo da yawan kwandunan da aka juye. Ƙwallo hamsin da aka buga kowace da inda aka nufa, ana sauya sanda, ana tsayawa a duba, sun fi ɗari uku da aka watsa a gajiye. In bugu ya fara lalacewa bayan awa guda, a tattara kaya a tafi gida. A ware aƙalla kwana ɗaya ko biyu a mako da ba a taɓa sanda, da wasu makonni a shekara. Ciwon baya, haƙarƙari ko wuyan hannu da ya wuce 'yan kwanaki bai lafa ba, a kai shi asibiti kafin a koma fili.